Gwajin fanin a ɗakin haihuwa: yadda za ki tabbatar faya ta fashe

Mai ciki ta shigo da zani a jiƙe, ta ce tun asuba ruwa ke bin ƙafarta, amma naƙuda shiru. Abu uku ke gabanki. Ko faya ce ta fashe, ko fitsari ne ya kuɓuce mata, ko kuma farin ruwan nan ne da kan ƙaru a ƙarshen ciki, wanda mata ke ce wa zaƙi. Idan kika ce faya ce alhali ba ita ba ce, za a kwantar da mace, a ɗura mata magani, wataƙila ma a tayar mata da naƙuda a fito da bakwaini babu gaira babu dalili. Idan kuma kika ce ba ita ba ce alhali ita ce, kin sallame ta gida da ƙofar mahaifa a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Lamarin ba baƙo ba ne: cikin mata 100 da cikinsu ya kai wata tara, wajen 8 faya kan riga naƙuda fashewa, kuma a ciki 2 zuwa 3 cikin 100 takan fashe tun kafin mako 37.

Gwajin fanin hanya ce mai arha ta raba gardama. Ruwan faya yana ɗauke da gishiri da furotin. Idan aka shafa shi a gilashi ya bushe, gishirin yakan daskare ya yi rassa, kowane reshe da 'yan ƙananan rassa a gefensa, kamar ganyen dabino ko gashin tsuntsu. Sunan gwajin ma daga sunan wani tsiro mai irin wannan ganye ya samo asali. Ba a buƙatar rini ko wani sinadari. Gilashi, tsinken auduga, minti goma da maikuroskof sun wadatar. Sai dai sauƙin nan nasa shi ke sa a yi masa riƙon sakainar kashi, kuma yawancin sakamakon ƙarya daga hannun mai gwajin yake fitowa.

Wa ke da izinin karanta gilashin

A Amurka wannan tambaya tana da amsa a rubuce. Dokar CLIA ta 1988, wadda ke kula da gwaje-gwajen asibiti, ta sa fanin cikin 'yan gwaje-gwajen maikuroskof da mai duba marar lafiya zai iya yi da kansa a gefen gado. Waɗanda aka lissafa su ne likita, ungozoma mai lasisin cin gashin kai, nas mai babban horo da ke duba marasa lafiya da kanta, da mataimakin likita. Nas ta ɗaki ba ta cikin jerin. Asibitin da ke son nas-nas ɗinsa su riƙa karantawa sai ya sa aikin ƙarƙashin lasisin ɗakin gwaje-gwajensa, a horar da su, a gwada ƙwarewarsu sau biyu a shekarar farko, daga nan sau ɗaya duk shekara. Shi ya sa a wurare da yawa can nas ke shafa gilashin, wani ya karanta. A Najeriya majalisar da ke kula da nas da ungozoma daban take da wadda ke kula da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, don haka kafin ki fara, ki nemi sanin abin da asibitinku ya rubuta: wa ke ɗaukar ruwan, wa ke karantawa, wa ke sa hannu. Abin da ya kamata a ara daga tsarin Amurka shi ne sake gwada idon mai karantawa lokaci-lokaci, domin idon da ya yi wata shida bai leƙa maikuroskof ba yakan manta kamannin abin da yake nema.

Tambaya kafin taɓawa

Ki fara da baki. Yaushe ruwan ya fara, da ƙarfe nawa? Kwarara ya yi lokaci guda ko ɗiga yake yi? Yana ci gaba da zuba idan ta miƙe ko ta yi tari? Wane launi, wane wari? Jariri na motsi? Ruwan faya yakan ci gaba da zuwa ba tare da mace ta iya riƙe shi ba, fitsari kuwa ya zo ya tsaya, kuma zarninsa ba ya ɓuya.

Akwai tambayoyi biyu da kan yi nauyi a baki amma dole a yi su, domin suna canza sakamakon. Ta farko, saduwa. Maniyyi yana ruɗa takardar pH, wato takardar da ke auna tsamin ruwa, yana kuma iya ruɗa gilashi. Ta biyu, abin da ta sa ko ta wanke gaba da shi: sabulu, ruwan magani, matsi, ko wani haɗin gida. Ki sa masu rakiya su ɗan fita. Mai cikin fari takan yi shiru ta bar uwar miji ko yayarta su yi magana a madadinta, kuma a gabansu ba za ta taɓa amsa miki gaskiya ba. Idan kun rage ku biyu, ki sassauta murya: "'Yar'uwa, ba don komai nake tambaya ba sai don gwajin ya fito daidai. Daga jiya zuwa yau kun sadu da maigida?" Ga babbar mace kuwa, "Hajiya, ki yi haƙuri da tambayar nan, aikin ne ya kawo ta."

Daga nan ki auna zafin jiki da bugun jininta, ki lalubi cikin ki san yadda jariri ya kwanta da ko kai ya sauka, ki saurari zuciyarsa. Daidai shi ne bugu 110 zuwa 160 a minti. Idan akwai jini sosai, ki dakata, ki kira likita, domin mai yiwuwa mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa ko ta ɓanɓaro.

Ki sa ta yi fitsari, sannan ta kwanta minti 20 zuwa 30. Kwanciyar nan ce ke ba ruwa damar taruwa. Macen da ta sha tafiya a kan babur ta iso yanzun nan, duk abin da ya fito ya riga ya tsiyaye a zani, kuma idan kika duba ta nan take ba abin da za ki samu.

Doka ɗaya da ba ta da sassauci: kada ki sa yatsa. Muddin ana zargin faya ta fashe kuma naƙuda ba ta kankama ba, duba bakin mahaifa da yatsa yana tura ƙwayoyin cuta sama, yana kuma rage kwanakin da cikin da bai kai ba zai iya ƙarawa. Abin da yatsa zai gaya miki, ido zai gaya miki kusan duka ta cikin sifekulum, wato abin da ake buɗe farji da shi don a ga bakin mahaifa.

Ɗaukar ruwan

Ki tanadi sifekulum da aka dafa ko sabo a leda, safar hannu mai tsabta, fitila mai haske, tsinken auduga biyu ko uku da ba a buɗe ba, takardar pH da ake kira naitirazin, da gilashin gwaji sabo fil. Gilashin da aka wanke aka sake amfani da shi yakan zo da ƙarce da ragowar sabulu, duka biyun kuma suna ɓata karatu. Ki rubuta sunan mace, lambar katinta da lokaci da fensir a gefen gilashin tun kafin ki fara. Ki riƙe shi ta gefe-gefe kawai. Gumin yatsa akwai gishiri, kuma tambarin yatsa ɗaya yana iya yin rassan da za su sa ki ce faya ta fashe.

Kada ki shafa wa sifekulum man santsi, kuma kada ki wanke cikin farji da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ki ɗauki ruwan. Man yana hana gishirin yin rassa, wasu magungunan wankin kuma suna juya takardar pH. Idan dole sai an jiƙa, ki yi da ɗan tsabtataccen ruwan allura. Ruwan gishiri na ƙarin ruwa bai dace ba, tunda gishiri ne ainihin abin da kike nema a gilashin.

Idan kin buɗe, ki tsaya ki duba da kyau kafin ki taɓa komai. Akwai ruwa kwance a lungun da ke bayan bakin mahaifa, a kan leɓen ƙasa na sifekulum? Idan babu, ki ce mata ta yi tari ko ta ɗan yi nishi, idonki na kan bakin mahaifa. Ruwan faya garai yake ko ɗan fatsi-fatsi, wani lokaci da ɗigon farin maiƙon jikin jariri a ciki. Kore ko ruwan ƙasa na nufin jariri ya yi kashi. Ki duba ko bakin mahaifa ya buɗe, ko kuma akwai cibiya, hannu ko ƙafa. Idan kin ga ruwa na fitowa daga bakin mahaifa da idonki, magana ta ƙare, faya ta fashe. Gilashi a nan ƙarin shaida ne kawai, kuma ko ya fito babu rassa ba zai soke abin da kika gani ba.

Inda ake yawan kuskure shi ne wurin da tsinke ke taɓawa. Ki ɗauka daga lungun bayan bakin mahaifa ko daga ruwan da ya taru a leɓen sifekulum. Kada tsinken ya shiga bakin mahaifa, kada ma ya goge shi. Yauƙin bakin mahaifa shi ma yana yin rassa idan ya bushe, kuma shi ne babban mai jawo sakamakon ƙarya. Ki bar audugar ta sha ruwa na 'yan daƙiƙoƙi har ta jiƙe. Busasshen tsinke ba abin da zai kai gilashi.

Tsinke ɗaya na takardar pH, ɗaya na gilashi. Ruwan farji na lafiya yana da tsami, pH 3.8 zuwa 4.5, ruwan faya kuwa 7.1 zuwa 7.3 ne. Takardar naitirazin rawaya ce, tana komawa shuɗiya idan pH ya haura wajen 6.5. Saurinta ne amfaninta, amma tana da saurin ruɗuwa: jini, maniyyi, sabulu, wasu cututtukan farji masu kawo ruwa mai ƙarni, har da fitsarin mai ciwon mafitsara, duk suna iya mai da ita shuɗiya. A Ingila ma ƙa'idar hukumar NICE ta ce kada a dogara da ita wajen tabbatar da fashewar faya kafin lokaci. Shuɗin takarda shi kaɗai bai isa a kwantar da mace ba.

Shafawa da busarwa

Ki mirgina tsinken a tsakiyar gilashin a hankali, shafi ɗaya siriri mai faɗin kan babban yatsa. Mirginawa ake yi, ba gurzawa ba, domin gurzawa na barin zaren auduga. Shafi mai kauri yakan bushe a sama ya bar danshi a ƙasa. Kada ki ɗora masa ƙaramin gilashin rufi, kada ki ɗiga masa komai.

Ki ajiye shi a kwance ya bushe da iska, minti 10 cikakku da agogo. Nan ne haƙuri ke ƙarewa a dare mai yawan aiki. Gilashin da aka leƙa bayan minti uku sau da yawa bai yi rassa ba tukuna, sai a rubuta babu, a sallami mace. Kada ki gasa shi a wuta, kada ki hura masa baki, kada ki ɗora shi kan fitilar maikuroskof don ya yi sauri. Da damina, lokacin da iska ke da laima, ki ƙara masa minti biyar. Da hunturu yana bushewa da wuri, amma ƙura ce matsalar: ki kifa masa kwano ko murfin akwati, ki bar 'yar kafa ta iska, kuma ki nisanta shi da taga da fanka. Busasshen shafi yakan yi dishi-dishi, babu sauran sheƙi a ko'ina.

A maikuroskof

Ki fara da ƙaramin idon maikuroskof na ƙasa, mai lamba 10. Haɗe da idon sama mai lamba 10, girman ya zama ninki 100, kuma wannan ya isa a ga rassan. Sirrin shi ne rage haske. Gishirin ba shi da launi, haske mai ƙarfi yana ratsa shi ya wuce, sai ki ga fili fari tas. Ki tsuke marfin hasken da ke ƙarƙashin farantin, ki ɗan sauke kwandensa, wato gilashin da ke tattara hasken, har filin ya yi duhu-duhu. Idan an ɗauke wuta kuma maikuroskof ɗin mai madubi ne, hasken taga ko tocila ya wadatar, tunda dama ba haske mai yawa ake so ba.

Ki nemi gefen shafin ki daidaita gani a kansa, sannan ki bi gilashin layi-layi, daga wannan gefe zuwa wancan, har ki gama shi duka. Rassan ba dole su cika gilashin ba. Sau da yawa a kusurwa ɗaya suke, ko a bakin shafin inda ruwan ya fi taruwa, kuma wuri ɗaya mai rassa na gaskiya ya isa. Idan kin ga abin da kike zargi, ki juya zuwa ido mai lamba 40 ki tabbatar, kina murza ƙaramin abin daidaitawa kawai, domin babu gilashin rufi kuma idon na iya dungurar shafin. Ido mai lamba 100 da mansa ba su da aiki a nan.

Rassan ruwan faya sirara ne, masu laushin zane, reshe na fita daga reshe har sau biyu ko uku, kamar zanen lalle na mai hannu. Na yauƙin bakin mahaifa kuwa masu kauri ne, masu duhu, da faɗi, rassan ba su da yawa. Ruwan gishiri zalla yakan bar 'yan murabba'ai ko gicciye masu kusurwa a miƙe. Zaren auduga dogo ne, lanƙwasasshe, ba shi da 'ya'ya. Ƙarcen gilashi miƙaƙƙen layi ne da ke ratsa fili ya wuce. Idan wani ɗigo ya ƙi motsi duk da kina matsar da gilashin, ki juya idon sama: in ya juya tare da shi, datti ne a idon, ki goge da takardar goge lens.

Hanyar da ta fi koyar da ido ita ce a ajiye gilasan misali a akwati kusa da maikuroskof: ɗaya da aka shafa da ruwan faya na tabbas, wanda aka ɗiba lokacin haihuwa ko tiyata, ɗaya da ruwan gishiri, ɗaya da tambarin yatsa. Sabuwar ma'aikaciya ta kalle su a jere sau da yawa kafin ta fara karanta na marasa lafiya. Gilashin da aka gama da shi kuwa ya tafi akwatin allurai, domin yana yanka kuma ruwan jikin mutum ne a kansa.

Idan babu rassa amma labarin ya yi kama

Rashin rassa yana da dalilai da yawa ban da cewa faya lafiya take. Ruwan ya yi kaɗan, ko an yi kwana guda da fashewar har ya tsiyaye, ko ɓular ƙarama ce can sama tana ɗiga jefi-jefi, ko farin ruwan cuta ya yi yawa ya rufe shafin, ko jini. Ɗan jini kaɗan ba ya hana rassa, amma idan ya kai yawan ruwan fayar, zanen yakan lalace. Kashin jariri ba ya hana su fitowa. 

Don haka macen da ta ba da labari mai ƙarfi, ruwa ya kwararo ya jiƙa katifa, ba a sallamarta saboda gilashi ɗaya. Ki ba ta audugar mata mai tsabta, ta kwanta awa guda, ki duba audugar, ki shinshina, in ya kama a sake sa sifekulum. A yi sikanin: ƙarancin ruwa, wato wurin da ruwan ya fi zurfi a mahaifa bai kai santimita 2 ba, yana ƙarfafa zargi, amma ruwa mai yawa a sikanin ba ya wanke ta, domin ƙaramar ɓula ba ta rage ruwa nan da nan. Inda ake da su, akwai gwaje-gwajen tsinke irin su AmniSure da Actim PROM, masu neman furotin da ke da yawa a ruwan faya. Ba sa buƙatar maikuroskof, sun kuma fi fanin kama ɗan ruwa kaɗan, sai dai tsada. Ki bi mintunan da ke takardar cikin kwalin daidai, kuma ki duba ranar lalacewarsu.

Bayan an tabbatar

Ki rubuta lokacin da ruwan ya fara zuba, domin daga shi ake ƙirga komai, ba daga lokacin da ta iso ba. Ki rubuta makonnin cikin da yadda aka san su, launin ruwa da warinsa, ko an ga ya taru, launin takardar pH, mintunan da gilashi ya yi yana bushewa, abin da aka gani, da sunan wadda ta karanta. "An ga rassa" ko "ba a ga rassa ba" ya fi a rubuta "faya ba ta fashe ba", domin na farkon shi ne abin da idonki ya shaida.

Idan ciki ya kai mako 37, yawancin mata naƙuda kan zo musu cikin awa 24, kuma likita ne zai yanke ko a jira ko a tayar da ita. Idan bai kai ba, wurinta asibitin da ke da ɗakin bakwaini, kuma gara a kai jariri can yana cikin uwarsa. Maganin da aka saba rubutawa shi ne eritiromaisin, miligiram 250 sau huɗu a rana har kwana 10 ko har naƙuda ta fara. Ana guje wa haɗin amoksisilin da kilabulanik a nan, domin an danganta shi da mummunan ciwon hanji ga bakwaini. Tsakanin mako 24 da 34 akan ba da deksametason, miligiram 6 a tsoka duk awa 12 har sau huɗu, don huhun jariri ya nuna, da sharaɗin an tabbatar da makonnin cikin, babu alamar cuta a mahaifa, kuma akwai inda za a kula da jaririn. Waɗannan duka da umarnin likita ne.

Ki riƙa auna zafin jiki, bugun jini da zuciyar jariri duk awa 4. Zafin da ya kai digiri 38, bugun uwa sama da 100, na jariri sama da 160, mahaifa mai zafi idan an taɓa, ko ruwa mai wari, alamun cuta ta shiga mahaifa ne, kuma ba a jiran wayewar gari da su. Idan kuma cibiya kika gani a sifekulum, ki manta da gilashi. Ki kira taimako, ki sa ta durƙusa ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama, ki sa hannu da safa ki tura kan jariri sama ya bar danne cibiyar. Wannan ne wuri ɗaya da dokar hana yatsa ta faɗi, kuma hannun ba ya fita sai an isa ɗakin tiyata.